Ranar da Na Gaida Kawu a Tsakiyar Tsere

Ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadin ba, kuma ko na so in manta, akwai mutane a Lyon da suka ɗauki nauyin tuna mini. Tsofaffin abokan tserena Faransawa ne, ba su san komai a Hausa ba sai kalmomi biyu, "ina wuni", kuma ba a makaranta suka koye su ba. A bakina suka ji su, a wurin da bai kamata ba. Har yau in na shiga inda suke, da su suke tarbata, su yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma sai in taya su.

Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Ni ɗan Damagaram ne, kuma wanda ya san garinmu ya san manyan duwatsun nan da suke zaune tsakanin gidaje. A kansu na koyi hawa da sauka da tsohon keken marigayi Baba, keken da birkinsa na baya sai an roƙe shi yake kamawa. Wani abokina ya ɗauke ni a waya ina gangarowa daga wani dutse, hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, har ya kai ga wata ƙaramar ƙungiyar masu tseren keke a kusa da Lyon. Suka rubuto suka ce in zo wata huɗu in gwada tseren matasa tare da su. Ba tseren kan kwalta ba ne. A cikin daji ake yinsa, a jikin tudu: a shata siririyar hanya da igiya, ta bi ta kan duwatsu da saiwoyi da laka, ku zaga ta sau huɗu ko biyar, wanda ya riga gamawa shi ya ci.

Da na kai wa Inna maganar, ta dube ni ta ce:

"Keke dai? Keken da nake aikenka cefane da shi?"

"Shi, Inna. Amma wannan mai tsada ne."

(Ban san me ya sa na zaci tsadar za ta taimake ni ba.)

Ta yarda, amma da sharaɗi. Tun da Baba ya rasu, duk wata babbar magana a gidanmu yayanta ne ke yanke ta, Kawu Lawali, wanda ya fi shekara ashirin a Paris. Ƙungiyar ta ce in wata huɗun suka yi kyau za su riƙe ni shekara guda, su sa ni lakkol, wato makarantar boko, in ci gaba da tsere. Amma tunda ban cika sha takwas ba, sai wani babba nawa da ke ƙasar ya sa hannu a takarda. Inna ta ce, "Yaya Lawali zai je ya gani da idonsa. In ya sa hannu ka zauna. In bai sa ba ka tattaro kayanka ka dawo, kuma ba na son jin wata magana." Ke nan duk abin da nake mafarki yana cikin aljihun mutumin da sau biyu kawai na taɓa ganinsa.

Kwana uku na yi a gidansa a La Courneuve, a gefen Paris, kafin in wuce Lyon. Dogon mutum ne marar yawan magana, aikinsa sauke akwatunan kayan marmari a babbar kasuwar Rungis, kuma hannuwansa sun nuna hakan. Ranar farko ina fiddo kaya daga jaka, ya hango wandon tseren da aka aiko mini, wannan baƙin mai manne wa jiki. Ya ɗaga shi da yatsu biyu ya juya shi.

"Wannan, yadin ne bai isa ba, ko telan ne ya gudu?"

Na yi masa bayanin iska da gudu. Ya saurara har na gama.

"To in ka ci, me ake ba ka?"

"Kofi, Kawu. Wani lokaci har da fure."

"Fure," ya ce. Ya ninke wandon ya miƙo mini. "To."

Wannan "to" ɗin na ɗauka na tafi da shi Lyon, na yi wata huɗu ina juya shi a raina. Na gama yanke hukunci cewa Kawu ba zai sa hannu ba sai in ya gan ni cikin na gaba-gaba.

A Lyon an sama mini ɗaki a unguwar Minguettes, kullum da safe in gangara in sami 'yan ƙungiya. Mai horar da mu wata mata ce, Madam Odile, gajera mai murya kamar ta mai kiran fasinja a tasha. Hawa da sauka ba ta sha wahala da ni ba, don duwatsun garinmu sun riga sun yi mata rabin aikin. Abu biyu ne suka ba ni kashi.

Na farko takalmi. Takalmin tsere yana da ɗan ƙarfe a ƙasa, in ka taka feda sai ya kama ƙas, ƙafarka ta zama ɗaya da keken. In za ka tsaya, dole ka murɗa dunduniya waje kafin ƙafar ta fita. In ka manta, to kai da keken tare za ku je ƙasa. Satin farko na faɗi a gaban jar wutar kan titi ya fi sau biyar, har wata tsohuwa ta taɓa ba ni alewa don tausayi. Daga baya dai na iya, har ina koya wa sababbi da ɗaga hanci.

Na biyu ruwa. A kowane zagaye akwai wani ɗan fili da aka keɓe, nan mutanenka ke tsayawa su miƙo maka gora. Ba a tsayawa, ba a ma rage gudu. Kana wucewa za ka saki hannu ɗaya, ka fizge gorar, ka kurɓa, ka jefar. Matsalar ita ce a wasu wuraren masu miƙowa ta hagu suke tsayawa, dole da hagu za ka karɓa. Ni kuwa na tashi a gidan da in ka miƙa wa Inna hannun hagu, ba za ta ce komai ba, za ta dai riƙe abin tana kallon hannun har ya ji kunya ya koma da kansa. Kwanakin farko sai in tsallaka da hannun dama ta saman keken, in yi tangal-tangal, gorar ta faɗi. Madam Odile ta sa ni na yi ta zagaya filin ajiye motoci tana ihu, har hannun ya saba. Na lallashi kaina cewa wannan aiki ne, ba rashin kunya ba, kuma ita ma ba ta san akwai wata magana a ciki ba.

Tsere na ƙarshe kafin wata huɗuna su cika ya faɗo ranar Lahadi, a wasu tuddai yamma da Lyon. Kawu ya ce zai biyo motar safe daga Paris. Muka zaga hanyar da sassafe don duba ta, na ga filin ruwa ta hagu yake, ban damu ba. Abin da ya dame ni shi ne an kira mu layi, an kira lambobi, na leƙa dama na leƙa hagu, ba Kawu. Na ce a raina shi ke nan, ko zuwa ma bai ga ya cancanta ba. Da wannan haushin na tashi da aka busa usur, kuma wallahi haushi yana da amfani a ƙafa.

Zagayen farko na gama ina na goma sha ɗaya. A na biyu na wuce mutum huɗu a wurin hawa, na zama na bakwai, matsayin da ban taɓa kaiwa ba. Rana ta buɗe, maƙogwarona ya bushe har harshena yana manne wa dasashi. Ina shiga na uku ba abin da nake tunani sai gorar da ke jirana a hannun Madam Odile.

Abin da ban sani ba (sai daga baya aka ba ni labari) shi ne motar Kawu ta makara, ya kuma sha yawo kafin ya gano dajin. Yana isowa Madam Odile ta hango wani dattijo da farar doguwar riga da hula a tsakiyar mutane masu gajeren wando, ba ta buƙaci tambaya ba. Suna cikin gaisawa sai sarƙar keken wani ɗan ƙungiyarmu ta tsinke, dole ta ruga wurinsa. Ta danƙa wa Kawu gorata ta ce ya tsaya nan, ya miƙa hannu kawai, yaron ya san abin da zai yi.

Yaron kuwa bai sani ba.

Na fito daga cikin itatuwa a guje, na saki hannun hagu tun daga nesa kamar yadda aka koya mini, na ɗaga kai ina neman jar rigar Madam Odile. Sai na ga Kawu Lawali. Yana tsaye a bakin igiya, ya riƙe gorar da hannu biyu, ya ɗan miƙo ta gaba, yadda ake miƙa wa baƙo ruwa in ya sauka daga tafiya.

Ina so ku fahimce ni, don na sha yi wa kaina wannan shari'ar. Kaina ya san abin da ya kamata. Kaina yana cewa fizge ka wuce. Amma wannan yayan mahaifiyata ne, ya baro Paris tun da safe saboda ni, wata huɗu ban sa shi a ido ba, yau ko gaishe shi ban yi ba, kuma zan zo in warce abu daga hannunsa da hagu in wuce ko kallo babu? Hannun ya ƙi. Ni da kaina na ga ya koma kan keken, ba da shawarata ba. Yatsuna suka matse birki biyun. Keken ya tsaya cak a gabansa. Na saki kan keken gaba ɗaya, na miƙa hannu biyu, na karɓi gorar, na sunkuyar da kai, na ce da ƙarfi don numfashina ya ƙi daidaita:

"Ina wuni, Kawu."

Keken ya ba ni kamar daƙiƙa ɗaya, don shi ma yana da kirki. A cikin wannan daƙiƙar na tuna ƙafafuna biyu suna maƙale a feda. Na murɗa dama, ta ƙi. Na murɗa hagu, ta ƙi. Sai na fara tafiya gefe, a hankali, irin faɗuwar da kowa ke da lokacin kallonta daga farko har ƙarshe. Na sauka a kan kafaɗa da gwiwar hannu, keken yana tsakanin ƙafafuna, tayar baya tana juyawa a sama. Gorar tana hannuna biyu, na ɗaga ta sama, ko ɗigo bai zube ba.

Kawu ya sunkuyo yana kallona, fuskarsa duk ta rikice. Amma an gaishe shi, kuma shi ma ɗan gidanmu ne, bakinsa ya riga shi:

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

Ni kuma, ina kwance a ƙasa, ɗaure da keke kamar ragon da aka kayar, ƙirjina yana hawa yana sauka, na amsa masa:

"Ba gajiya."

Nan dariya ta ɓarke. Ba su ji Hausa ba, amma sun ga komai. Wanda ke biye da ni ya kauce da ƙyar yana zagi da Faransanci. Wani ya wuce, wani ya wuce, na daina ƙirgawa. Mai magana a lasifika ya ce ɗan Nijar ya tsaya shan shayi da iyalinsa. Madam Odile ta iso a guje, hannunta duk baƙin mai, tana cewa, "Mais qu'est-ce que tu fais?", wato me kake yi haka, ta fizge ƙafata daga feda ta tashe ni ta tura ni gaba. Ruwan ma ban sha ba. Na tafi da gorar a hannu kusan rabin zagaye kafin in tuna abin da ake yi da ita.

Sauran tseren ba na tuna shi sosai. Na san gwiwar hannuna tana jini, na san ina kuka a cikin tabarau ina cewa gumi ne. Na gama na ashirin da shida, kuma ba mu kai arba'in ba. Ban tsaya a inda ake taruwa ba, na zagaya bayan motar ƙungiya na zauna a ƙasa, na cire hular kwano na rufe fuska da ita. Na riga na fara tsara yadda zan shiga gida a Damagaram ba tare da 'yan unguwa sun gan ni ba.

Madam Odile ce ta fara samuna. Ta tambaye ni ko jiri ne ya ɗebe ni. Na ce a'a. Ko birki ne ya kama? A'a. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani da guntun Faransancina: hannun hagu, babba, gaisuwa. Ta kalle ni ta ce, "Wata huɗu kana karɓa daga hannuna da hagu." Ta girgiza kai, amma na ga bakinta yana rawa, ta juya da sauri ta tafi kafin dariyar ta kufce mata.

Sai ga Kawu. Bakin rigarsa duk laka, takalminsa ma haka. Ya tsuguna, ya kama hannuna ya juya shi yana duba ciwon, ya zuba ruwa ya wanke ƙasar da ke ciki da babban yatsansa, a hankali ƙwarai. Sannan ya fiddo waya ya kira Inna, ya sa yadda ni ma zan ji.

"Rakiya, kuna lahiya? Ga ni wurin ɗanki."

"Lahiya lau, Yaya. Ya ci?"

"Bai ci ba. Ya ma faɗi."

Na ji Inna ta yi salati. Na ƙara cusa kai tsakanin gwiwoyi.

"Ba abin da ya same shi, ƙujewa ce. Ki saurara. Bayan ya faɗi na bi mutane na hau tudun, na je inda suke gangarowa. Wurin da ni da ƙafa sai da na dafa itace na sauka, shi ya gangaro a kan keke da jini a hannu. Na rufe ido, ban ɓoye miki ba. Wannan abin ba wasa ba ne, aiki ne, kuma ya iya shi." Ya ci gaba: "Ni ban san lambobinsu ba, na bakwai ko na talatin duk ɗaya ne a wurina. Abin da ya kawo ni, in ga ko yaron da kika aiko shi ne har yanzu. Na ga 'ya'yan mutane da yawa a ƙasar nan, wata biyu ya ishe su su manta tarbiyyar gida. To naki yana nan yadda kika aiko shi. Ya ma yi yawa."

Inna ta yi dariya, irin wadda ake yi da hawaye. Ta ce a ba ni, na ce "Inna" kawai na kasa ƙarasawa. Ta ce in yi shiru in sha ruwa.

Da ya kashe wayar ya zauna kusa da ni a ƙasa, da farar rigarsa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ka san tun da na zo ƙasar nan nake miƙa wa mutane kaya," ya ce. "Kullum, akwati bayan akwati. Ba na tuna ranar da wani ya karɓa da hannu biyu."

Ya zaro takardar daga aljihun gaba, duk ta lanƙwashe, ya ɗora ta a gwiwa ya sa hannu, ya kai wa Madam Odile da kansa.

Na zaci an gama. Ashe da saura. Ya dawo riƙe da gora ya ce in hau keke.

"Kawu, yanzu?"

"Yanzu. Matar nan ta yi mini bayani. Ba zan baro Paris in zo in riƙa kayar da kai ba. Ka zaga ka zo ka karɓa da hagu. Ni na ce ka karɓa, laifin yana wuyana."

Haka muka yi a filin ajiye motoci, mutane suna loda kekuna suna kallonmu. Zuwan farko na rage gudu, ya janye gorar ya ce in sake. Na biyu na karɓa amma na ce "na gode", ya ce surutun me nake yi, in sake. Sai a zuwa na shida ko na bakwai na fizge ta yadda ya kamata, har hannunsa ya yi baya. Na waiwaya a tsorace. Yana tsaye yana yarfe yatsu, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Marar kunya," ya ce. "Haka ake so."

Na yi shekarar, na ƙara wata a kanta. Ban zama wani shahararre ba, kada ku je nemana. Amma duk tseren da ya faɗo ranar hutunsa, Kawu yana bakin igiya da gora, kuma ya ƙware har yana gyara wa iyayen wasu tsayuwa. Muka yi yarjejeniya: gaisuwa kafin a busa usur, cikakkiya, har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, in ya makara kuma a ajiye ta sai an gama.

Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba, amma da fatar gwiwar hannuna na saye shi, don haka ga shi kyauta. Ladabi abu ne mai kyau, ban ce kowa ya bari ba. Sai dai kafin ka rusuna wa babba, ka duba ka tabbata ƙafarka tana ƙasa.